Landan Kafin Jirgin Ruwa: Riba Ce Ko Asara?

Gardamar nan ta samo asali ne a ɗakin kwanan ɗalibai, a wani dare da aka ɗauke wuta, karatu ya gagara, hira ta yi daɗi. Wani ɗan'uwanmu ya kawo labarin kawunsa, wanda ya ajiye aikin gwamnati bayan shekara 35, aka biya shi garatutinsa, ya kuma ƙudura niyyar ya ɗauki uwargidansa su je irin yawon shaƙatawar nan da ake yi a cikin manyan jiragen ruwa. Jirgin da ya zaɓa yana tashi ne daga Southampton ta ƙasar Ingila, ya zaga gaɓar Turai, ya komo inda ya tashi bayan mako biyu. Masu shirya masa tafiyar sun ba shi zaɓi biyu: ko dai ya sauka a filin jirgin sama a zarce da shi bakin teku, ko kuwa ya ƙara kuɗi ya yi 'yan kwanaki a birnin Landan tukuna. Dattijon ya rasa wanda zai ɗauka, ya nemi shawarar ɗan 'yar'uwarsa mai karatun jami'a, shi kuma ya kawo mana maganar. Har aka dawo da wuta ba mu daidaita ba, shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo ta gaban sauran 'yan'uwa ɗalibai a wannan mujalla tamu.

Mun san akwai mai karatun da zai ce, ina ruwan ɗalibin da ke lissafin garin kwaki da suga da maganar otal a Landan? Tambayar tana kan hanya. Amsarmu ita ce, mu ne ake tambaya a gida in irin wannan magana ta taso, domin ana zaton karatu ya buɗe mana ido. Sa'an nan kuma daga cikinmu ne gobe za a sami waɗanda za su riƙe fasfo da kuɗin guzuri, nasu ko na gwamnati. Yadda mutum yake kashe kuɗinsa a tafiya yana nuna abin da ya ɗauki tafiya, kuma gara a yi wannan tunani tun aljihu yana wayam, kafin kuɗi su zo su yi wa mutum tunanin.

Ra'ayinmu dai shi ne, kwanakin Landan ɗin nan su ne tafiyar. Zaman jirgin kuwa hutu ne. Wanda duk ya tara abin da zai kai shi Ingila, ya wuce ta gefen babban birninta bai tsaya ba don ya yi tattalin 'yan fam, to, ya yi tsimin da bai dace ba. In ma dole ne a rage wani abu, a rage kwanakin jirgin. Amma fa wannan magana tana da sharaɗi, za mu kuwa zo kansa.

Bari mu fara da hujjar abokan gardamarmu, don ba ƙarama ba ce. Landan birni ne mai mutane wajen miliyan 9, yana kuma cikin biranen duniya da suka fi tsada. Da wuya a sami ɗakin otal na kirki a tsakiyarsa ƙasa da fam 100 a dare, musamman a lokacin zafinsu, wanda shi ne kuma lokacin da jiragen shaƙatawa suka fi tashi. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, fam ɗaya ya yi ta hawa har ya haura naira 2,000 a cikin 2024. In aka yi lissafi da wannan farashi, kwana huɗu a irin wancan ɗaki naira 800,000 ke nan, alhali mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Nijeriya a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne a wata. Watau kuɗin makwanci kaɗai ya kusa cinye albashin shekara guda na ƙaramin ma'aikaci, ba a ci abinci ba, ba a hau mota ba. A wannan shekarar, shiga tsohuwar ganuwar nan da ake kira Tower of London ya haura fam 30 ga mutum ɗaya. A cikin jirgi kuwa, in ji su, an riga an biya makwanci da abinci, ba mai tambayarka kwabo in ka zauna cin abincin dare. Don me mutum zai bar inda aka ɗauke masa komai, ya je inda ko kofin shayi sai ya lale kuɗin da zai sayi kwanon shinkafa a gida?

Duk wannan gaskiya ne. Abin da suka bari a baya shi ne babban kuɗin da aka riga aka kashe kafin a zo maganar otal. Ɗan Nijeriya ba zai taka Southampton ba sai da bizar Ingila, wadda kuɗinta na wata shida ya koma fam 127 a watan Afrilu na 2025, ban da wahalar tara takardun banki da jiran amsa. In jirgin zai tsaya a Faransa ko Sifen ko Norway, sai ya nemi bizar Turai ta daban, wadda ita ma ta koma yuro 90 a watan Yuni na 2024. Ga kuɗin jirgin sama daga Abuja ko Legas, tafiyar sa'a shida zuwa bakwai. Waɗannan kuɗaɗe ba sa raguwa ko mutum ya kwana huɗu a Landan ko bai kwana ko ɗaya ba. Baturen da ke zaune a Manchester yana iya cewa bari ya bar Landan sai wani jiƙon, domin jirgin ƙasa zai kai shi duk ranar da ya so. Dattijon da ya fito daga Kano ko Gusau ba shi da wannan gata. Mai yiwuwa wannan ce kaɗai bizar da zai taɓa samu, kuma wanda ya sha wahalar haƙa rijiya har ya tarad da ruwa, bai kamata ya tsaya tsimin guga ba.

Akwai kuma dare ɗaya wanda ba ma cikin gardamar, don dole ne. Jirgin ruwa ba ya jiran kowa. In an ce za a rufe ƙofa da la'asar, to, za a rufe, kuma wanda jirgin samansa ya makara sai dai ya bi jirgin ruwan zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa, ko ya haƙura da duk abin da ya biya. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A ranar 28 ga Agusta, 2023, na'urar da ke tsara zirga-zirgar jiragen sama a Ingila ta lalace, aka soke tashin jirage fiye da dubu. A ranar 21 ga Maris, 2025, gobara a wata tashar rarraba wutar lantarki ta sa aka rufe filin jirgin sama na Heathrow kusan yini guda. Daga 2022 zuwa 2024 ma'aikatan jiragen ƙasa na Ingila sun yi ta shiga yajin aiki. Mu kuma mun san halin tafiya daga namu ɓangaren, mun san yadda hazon hunturu kan hana jirgi tashi daga Kano, da yadda akwati kan biyo mai shi bayan kwana biyu. Saboda haka duk mai hankali zai isa Ingila aƙalla kwana ɗaya kafin ranar tashi. Tun da kwana ɗaya ya wajaba, ainihin tambayar ita ce ko a ƙara biyu ko uku a kansa.

Wani abin da ya kamata a lura da shi, littattafan jagorar matafiya da ake rubutawa don Amurkawa sukan ce a zo da wuri don jiki ya saba da sauyin lokaci. Wannan bai shafe mu ba. A lokacin zafin Ingila agogonsu da namu ɗaya ne, a lokacin sanyi kuma sa'a ɗaya ce tsakani. Ɗan Nijeriya yana sauka da safe, ya yi wanka, ya karya kumallo, ya fita yawonsa. Abin da zai ba shi mamaki kawai shi ne rana, wadda a watan Yuni ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, har mutum ya rasa gane lokacin Magariba in bai duba jadawali ba. Doguwar rana kuwa riba ce ga wanda ya biya kuɗin kowane yini.

Yanzu mu duba abin da ake samu a jirgin, domin a nan ne aka fi ruɗin mutane. Irin waɗannan jirage otal ne da ke tafiya a kan ruwa. Ɗaya daga cikin waɗanda ke tashi daga Southampton, mai suna Iona, wanda ya fara aiki a 2021, yana ɗaukar fasinja fiye da 5,000, watau ya fi wasu garuruwanmu yawan jama'a. A cikinsa akwai wuraren cin abinci da na ninƙaya da na kallon wasanni da kantuna, akwai kuma mashaya da gidan caca, waɗanda dattijon kirki da uwargidansa za su riƙa kewaye wa. Ma'aikatan da ke yi wa mutum hidima yawancinsu 'yan Filifin ne da Indiya, masu yin watanni ba su ga iyalinsu ba. Abokan zamansa kuwa 'yan yawon hutu ne irinsa. Mutum zai huta, zai ci ya ƙoshi, zai ga teku, kuma wanda bai taɓa ganin ruwan da ba shi da iyaka ba lalle zai ga ikon Allah. Ba mu raina wannan ba. Amma ba zai ga yadda mutanen wata ƙasa suke zaman duniyarsu ba, domin an shirya jirgin ne musamman don a raba shi da wahalar cuɗanya da su.

Za a ce, ai jirgin yana tsayawa a garuruwa. Haka ne, yana isa da safe, ya tashi da yamma. A takardar talla sai ka ga an rubuta Paris, alhali inda jirgin zai tsaya Le Havre ne, kimanin kilomita 200 daga Paris, kusan nisan Kano da Kaduna. Mutum zai shafe wajen sa'a biyar ko shida a cikin bas zuwa da dawowa, a sauke shi ya ɗauki hoto a gaban hasumiyar Eiffel, ana duba agogo, a mai da shi. In an rubuta Rum, tashar Civitavecchia ake nufi, wajen kilomita 80 daga birnin. Ita kanta Southampton a wasu takardun tallar Landan ake kiranta, alhali tsakaninsu kilomita 130 ne, tafiyar sa'a ɗaya da minti ashirin a jirgin ƙasa daga tashar Waterloo. Kuɗin waɗannan fite-fite kuma daban ake biyansu, ba sa cikin na tikiti. Mazauna wasu biranen ma sun gaji da irin wannan baƙunta ta dubban mutane masu zuwa da hantsi su cika titi su watse da la'asar. Gwamnatin Italiya ta hana manyan jirage ratsa tsakiyar birnin Venice tun daga watan Agusta na 2021, majalisar birnin Amsterdam kuma ta kaɗa ƙuri'a a 2023 cewa a fitar da tashar irin waɗannan jirage daga tsakiyar gari. To, in a cikin mako biyu mutum ba zai kwana a kowane gari ba, ba zai shiga kasuwa da ƙafarsa ba, ba zai ɓace a titi ya tambayi hanya ba, ashe kwanakin da ya yi a Landan su ne kaɗai lokacin da ya je wata ƙasa.

Abin da ya fi ƙarfafa mana guiwa shi ne, tsadar Landan a makwanci take da wuraren da aka kafa don 'yan yawon buɗe ido. Abubuwan da suka fi daraja a birnin kyauta ake shigarsu. Tun daga watan Disamba na 2001 manyan gidajen tarihi na gwamnati suka daina karɓar kuɗin shiga: gidan tarihin kimiyya, da na halittu, da na sana'o'in hannu mai suna Victoria and Albert. Gidan zane-zane na ƙasa da ke dandalin Trafalgar shi ma kyauta ne. Haka nan babban gidan tarihin Birtaniya, British Museum, wanda aka kafa a 1753. A nan ne ɗan Nijeriya zai tsaya a gaban allunan tagulla na fadar Benin, waɗanda sojojin Ingila suka kwaso a 1897, kuma gidan yana riƙe da kayan Benin wajen 900. A nan ne zai ga kan tagulla na Ife. Wani daga cikinmu ya ce shi ba zai je kallon kayan sata ba. Mun fahimci zafin ransa, amma ba mu yarda da shi ba. Ba a biyan ɓarawon ko sisi a ƙofa, kuma wanda ya ga waɗannan alluna da idonsa, ya ga irin gwanintar da ke jikinsu, ya karanta ɗan bayanin da aka manna a gefensu, zai fi iya riƙe maganar a dawo da su fiye da wanda ya ji labari. Wani ƙaramin gidan tarihi a kudancin Landan, Horniman, ya miƙa wa Nijeriya mallakar kayan Benin guda 72 a 2022. Ba don mutane sun kau da kai aka kai ga wannan ba.

Ga wanda ya fito daga Arewa kuwa akwai wurin da ya fi wannan. A unguwar Kew akwai gidan ajiye takardun gwamnatin Ingila, inda aka tara wasiƙun da Lugga da mataimakansa suka riƙa aika wa ofishin mulkin mallaka game da Arewacin Nijeriya, a jerin da ake yi wa lamba CO 446. A cikinsu akwai yadda suka ba da labarin cin Kano a watan Fabrairu na 1903, da Sakkwato a watan Maris, da abin da ya auku a Burmi a watan Yuli na shekarar. Duk baligin da ya je da shaidar ko shi wane ne yana iya karɓar katin karatu kyauta, a kawo masa takardar ya buɗe da hannunsa. Mu da muke karanta waɗannan abubuwa a aji daga bakin wanda ya ji daga wanda ya gani, mun san darajar yini guda a wannan gida. Dattijon da ya yi shekara 35 yana rubuta fayil a ma'aikatar gwamnati zai ga inda tsarin fayil ɗin ya samo asali, da irin tunanin waɗanda suka kafa shi.

In mutum ba mai son takardu ba ne, ya shiga majalisar dokoki a Westminster ya zauna a barandar 'yan kallo, kyauta, ya ga yadda ake tsare minista da tambaya. Ranar Lahadi ya je kusurwar masu jawabi a dandalin Hyde Park, inda kowa ke hawa kan akwati ya faɗi ra'ayinsa, jama'a na mai da masa martani. Ya wuce ta gaban Lancaster House, inda shugabanninmu suka zauna taron tsarin mulki a 1957 da 1958. Ya wuce ta Bush House, inda Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya yi ta watsa labaran da iyayenmu suka saurara, kafin a tashi daga gidan a 2012. Ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda aka fara a 1863, shekara 40 kafin Turawa su shiga Kano, ya tambayi kansa yadda aka yi abin da aka gina tun zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi yake aiki har yau. Ya hau bas ya zauna a bene, kuɗinta fam 1.75 a 2024, ta ratsa da shi unguwannin masu kuɗi da na matalauta, ya ga masu kwana a bakin kantuna cikin sanyi, don ya san cewa Turai ma tana da nata almajiran. Ranar Juma'a ya yi salla a babban masallacin Regent's Park ko na Whitechapel, kafaɗa da kafaɗa da Bangali da Basomale da Bature. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da za a samu a cikin jirgin ruwa, komai girmansa.

Magabatanmu da suka je wannan birni sun san haka. Dorugu, yaron nan Bahaushe daga yankin Damagaram wanda Barth ya tafi da shi Landan a 1855, ya zauna ya lura da mutanen Ingila har yadda suke zama cin abinci, ya ba Schön labarin da Hausa, kuma labarin nasa yana cikin tsofaffin rubuce-rubucen Hausar boko. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya bi ta Ingila a 1921 a kan hanyarsa ta zuwa Makka, ya gana da Sarki George na Biyar, sa'an nan ya ci gaba da tafiyarsa ta ruwa. Malam Abubakar Imam ya je a 1943 cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Abubakar Tafawa Balewa ya yi karatun koyarwa a Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya bi bayansa. A zamaninsu jirgin ruwa abin hawa ne. Jiragen Elder Dempster sukan ɗebi fasinja daga Apapa su kai su Liverpool cikin kimanin mako biyu, kuma na ƙarshensu, Aureol, ya koma tashi daga Southampton ɗin nan a 1972 kafin a dakatar da shi a 1974. Su waɗancan sun jure wa teku ne don su isa birni. Abin mamaki ne a ce jikokinsu suna tsallake birnin don su isa teku.

To, ga sharaɗin da muka yi alkawari. Akwai irin ziyarar Landan da ba ta da amfani ko kaɗan, kuma ita ce mafi yawan abin da masu shirya tafiye-tafiye ke sayarwa: dare biyu a otal mai tsada, yini guda a cikin bas mai buɗaɗɗen bene, hoto a ƙofar fadar Buckingham, hoto a gindin agogon Big Ben, sa'an nan yinin ƙarshe a kantunan titin Oxford ana sayen takalma da turare don tsaraba. Wannan irin fitar da jirgin ke yi ce aka maimaita a kan tudu, da kuɗi ninki biyu. Wanda abin da yake nema ke nan, don a ce ya je, gaskiya abokan gardamarmu sun fi mu hujja a kansa. Gara ya wuce Southampton kai tsaye ya kwana can, inda makwanci ya fi sauƙi, ya shiga gidan tarihin garin ya ga labarin Titanic, wanda ya tashi daga nan ranar 10 ga Afrilu, 1912, ya nutse da ɗaruruwan ma'aikata 'yan garin. Haka nan wanda ƙafafunsa ba sa ɗaukar tafiya, domin Landan gari ne na tafiyar ƙasa da hawa matakala, kuma tsofaffin tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa da yawa ba su da na'urar hawa. Haka nan wanda zai ci bashi, ko ya taɓa kuɗin makarantar 'ya'yansa. Irin wannan ma ba Landan kaɗai ya kamata ya bari ba, har da jirgin.

Birnin yana biyan wanda ya je da niyya ne, ya san abu uku ko huɗu da yake son gani tun daga gida, ya ba kowannensu yini ko rabin yini. Ƙasa da kwana uku cikakku gudu ne kawai. Tsadar kuma tana da magani ga wanda bai ɗauki kansa da girma ba. Ba dole ne a kwana a tsakiyar gari ba. Unguwannin gefe da jirgin ƙasa ke kaiwa cikin rabin sa'a sun fi araha nesa ba kusa ba. Abincin halal yana ko'ina a Whitechapel da titin Edgware, a Peckham kuma mutum zai ci shinkafa dafa-duka da tsire kamar yana Legas. Burodi da madara da 'ya'yan itace na kanti sun isa karin kumallo. Wanda ke da ɗan'uwa mai karatu ko aiki a can, ya sanar da shi tun da wuri, ya kuma tuna cewa ɗakin ɗalibi a Ingila bai fi namu na nan faɗi ba, kada ya sauke masa akwati huɗu.

Wani kuma ya tambaya, me zai hana a bar birnin sai an sauko daga jirgi? Ana iya yin haka, amma mu mun fi son a fara da shi. Daren farko dai dole ne a yi shi kafin tashi, kamar yadda muka nuna, don haka haɗa kwanakin wuri ɗaya ya rage ɗaukar kaya da sauya masauki. Sa'an nan yawon birni aiki ne mai gajiyarwa, yana bukatar ƙafa da natsuwa da aljihun da bai huje ba. Wanda ya sauko daga jirgi bayan mako biyu ana ɗora masa abinci, ga takardar ƙarin kuɗin fite-fite da na intanet an miƙa masa a daren ƙarshe, hankalinsa ya riga ya koma gida. Gara a gaji tukuna, a huta daga baya.

Abin da muka ce ɗan'uwanmu ya faɗa wa kawunsa ke nan: ya bar tafiyar mako biyu ya ɗauki ta mako guda, abin da ya ragu ya yi kwana huɗu da shi a Landan, a masauki mai sauƙi kusa da tashar jirgin ƙasa, yini ɗaya a British Museum, yini ɗaya a Kew, Juma'a a masallaci da majalisa in tana zama, ranar ƙarshe kuma a bar wa uwargida ta zaɓa. Ya ƙi karɓar shirin dare biyun da aka yi masa tayi. Ya sayi tikitin jirgin ƙasa na Southampton tun da wuri, ya kuma tashi da na safe. Ɗan'uwan namu ya kai saƙo ranar hutun ƙarshen mako. Da ya dawo ya ce kawu ya saurara har ƙarshe, ya rubuta lambar nan ta CO 446 a bayan ambulan, ya ce zai yi shawara da Hajiya, don ita tun farko tekun take son gani.